Barin ƙasa da bashin haraji a wuya: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma na haraji ma haka yake. A mafi yawan ƙasashe, don hukuma tana bin mutum haraji ba a ɗaure shi, ba a kuma hana shi hawa jirgi. Abin da ke mayar da bashin laifi shi ne ɓoye dukiya da yi wa hukuma ƙarya. Yawancin masu shiga uku bayan sun yi ƙaura, rashin rarrabe waɗannan biyun ne ke kai su. Za mu fi kawo misali da Amurka, domin dokarta ta fi kowacce bin mutum har ƙetare, amma za mu taɓo wasu ƙasashen inda ya dace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton lokaci zai cinye bashin. Gaskiya ne hukumar harajin Amurka, IRS, shekara goma take da ita ta karɓi bashi tun daga ranar da ta tabbatar da shi. Sai mutum ya yi lissafi ya ce zai je ya zauna a waje har wa'adin ya wuce. Lissafin bai yi ba. Da zarar mutum ya yi wata shida a jere a wajen ƙasar, ƙidayar ta tsaya, sai ya dawo ta ci gaba. Shekarar da kuwa bai cika takardar haraji ba sam, ba ta da wa'adin da hukuma za ta daina iya ɗora masa haraji a kanta.

Shi kuwa bashin ba ya tsayawa. Tarar ƙin cika takarda kashi 5 cikin ɗari ce kowane wata har ta kai kashi 25, ta rashin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata. A ɗauka ana bin mutum biyu dala 20,000 kowanne. Wanda ya cika takarda bai biya ba, bayan wata biyar tararsa dala 500 ce. Wanda ya yi shiru, tasa ta kai dala 5,000, ga kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum a kan dukkansu. Saboda haka ko aljihu babu ko sisi, a cika takardar a kan lokaci. Wannan kaɗai ya rage asarar ninki goma.

Sai maganar fasfo, wadda ita ce ta fi kama mutane ba shiri. A watan Disamba na 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba IRS damar kai sunan mai babban bashi ga ma'aikatar harkokin waje. An fara da iyakar bashin dala 50,000, ana ƙarawa kowace shekara gwargwadon tashin farashi: 62,000 a 2024, 64,000 a 2025. Da tara da kuɗin ruwa ake haɗawa, shi ya sa bashin da ya fara a dala 40,000 kan tsallake iyakar mai shi bai ankara ba. Idan an kai sunan, wasiƙa mai lamba CP508C za ta zo. Daga nan ba sabon fasfo, ba sabuntawa, kuma ana iya soke wanda ke hannu. Wanda ya nemi sabuntawa akan riƙe takardunsa kwana 90 don ya daidaita da hukumar.

Ga mai zaune a gida wannan takura ce kawai. Ga mai zaune a ƙasar wani kuwa, izinin zamansa da na aikinsa duk a kan fasfon suke rataye, kuma abin da ofishin jakadanci zai iya ba shi wataƙila fasfon komawa gida ne kaɗai. Wani kuskuren da ke cikin wannan shi ne a biya kaɗan don bashin ya sauko ƙasa da iyakar. Bayan an riga an kai suna, hakan ba ya cire shi. Abin da ke cirewa shi ne a biya duka, ko a ƙulla yarjejeniyar biya kashi-kashi a kuma riƙe ta, ko hukumar ta amince da sasantawa a kan wani adadi. In ɗaya daga ciki ya tabbata, cikin kwana 30 take sanar da ma'aikatar. Wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa, ya fara da wannan kafin ya sayi tikiti.

Akwai kuma ƙaramin sakaci mai tsada: barin tsohon adireshi. Doka ta ɗauka an sanar da kai muddin an aika wasiƙa zuwa adireshinka na ƙarshe da hukuma ta sani, ko ka gani ko ba ka gani ba. Wasiƙar ƙarin haraji tana ba da kwana 90 na kai ƙara kotun haraji, ko 150 in adireshin na ƙasar waje ne. In sun wuce, damar ta tafi, ko da lissafin hukumar ne ba daidai ba. Fom 8822 na canza adireshi shafi ɗaya ne, fom 2848 kuma shi ke ba lauya ko akanta ikon tsaya maka.

Da yawa suna tafiya da tunanin cewa wata ƙasa ba ta karɓar wa wata haraji. Dā haka ne. A 1955 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin ta ƙi taimaka wa gwamnatin Indiya karɓar harajin da take bin wani kamfani, kuma an daɗe a kan wannan ƙa'ida. Yarjejeniyoyi sun ci ta sosai. Ƙasashen Tarayyar Turai suna karɓar wa juna bashin haraji bisa dokar da suka yi a 2010, saboda haka wanda ya bar Jamus ya koma Sifen bai yi nisa ba. Akwai kuma yarjejeniyar taimakon juna ta 1988 da aka yi wa gyara a 2010, wadda ƙasashe da yankuna fiye da 140 suka shiga, ko da yake kowace ƙasa tana iya cewa ban da sashen karɓar bashi. Amurka ta faɗi haka. Nata taimakon karɓar bashi da ƙasashe shida ne: Kanada, Faransa, Denmak, Suwidin, Holan da Japan.

Amma karɓar bashi daban, musayar bayani daban. Tun 2017 ƙasashe suka fara aika wa juna bayanan asusun banki kowace shekara ba tare da an nema ba, yanzu sun haura ɗari, dokar Amurka ta 2010 mai suna FATCA kuma ta sa bankunan duniya suna ba da rahoton asusun Amurkawa. Ko ba a iya taɓa kuɗin da ke waje ba, an san inda yake. Abin da aka bari a gida kuwa yana hannu: asusu, gida, kuɗin haya, a Amurka har kashi 15 cikin ɗari na fanshon gwamnatin tarayya ana iya cirewa kowane wata.

Mafi haɗari duka shi ne gyaran da mutum kan yi wa kansa ana gobe tafiya. Ya mayar da gida sunan ƙaninsa, ya kwashe asusu ya tura waje, ya daina amsa wasiƙa. A ganinsa dabara ce, a wurin mai gabatar da ƙara kuwa hujja ce ta cewa da gangan ya yi. A Amurka kauce wa haraji da gangan yana kai mutum kurkuku har shekara biyar, wa'adin gurfanarwa shekara shida ne, shi ma ba ya tafiya muddin mutum yana waje. Ba a miƙa mutum ga ƙasarsa don bashi zalla, amma ana miƙawa don zamba. Wasu ƙasashen ma tun a bakin ƙofa suke tarewa: kwamishinan harajin Ostareliya yana da ikon hana mai bashi fita. Sayar da kadara ba laifi ba ne, in an sayar a kan farashinta na gaskiya, an ajiye takardu, an kuma sanar da hukuma.

Tashi daga ƙasa kuma bai isa ya fitar da mutum daga littafin harajinta ba. Ɗan Amurka yana cika takarda duk inda yake zaune. Mai izinin zama na dindindin ma haka, har sai ya miƙa katin a hukumance da fom I-407. An ɗaga wa na waje ranar cikawa zuwa 15 ga Yuni, amma kuɗin ruwa daga 15 ga Afrilu yake farawa. Rangwamen da ke cire albashin da aka samu a waje daga haraji, har dala 130,000 a 2025, sai wanda ya cika takarda ya nema ake ba shi. In jimillar asusunsa na waje ta haura dala 10,000 ko da rana ɗaya ce, sai ya ba da rahoton asusun waje da ake kira FBAR. Ajiye zama ɗan ƙasa ba ya goge tsohon bashi, fom 8854 da mai ajiyewa ke cikawa ma yana neman mutum ya tabbatar da cewa shekarunsa biyar na baya tsaf suke. A Birtaniya fom P85 mai barin ƙasa ke cikawa, kuma wajen gane ko har yanzu mazauni ne, ba ko ya yi kwana 183 a ƙasar cikin shekara kaɗai ake dubawa ba, ana duba gida da iyali da aiki. Kanada kuwa ɗauka take kamar mai tafiya ya sayar da yawancin kadarorinsa ranar da ya tashi, ta nemi harajin ribar.

Wanda ya riga ya tafi, ya fara da neman cikakken bayanin harajinsa daga hukuma, shekara-shekara, don ya san ainihin adadin. Daga nan ya cika takardun da suka rage, domin IRS ba ta ƙulla yarjejeniyar biya da wanda bai cika ba. Tana da sassauci ga mazauna waje da rashin sani ya sa suka yi sakaci: takardun shekara uku, rahoton asusu na shekara shida, a biya haraji da kuɗin ruwa, babu tara. Sharaɗin shi ne mutum ya zo da kansa kafin a fara bincikensa. In kuwa akwai abin da aka ɓoye da sani, lauya za a fara gani kafin akanta, saboda a shari'ar laifi ana iya kiran akanta ya ba da shaida a kan abin da ka faɗa masa.