Darasi Na 9: Jini A Kan Asuwaki

Da yawa daga cikinmu, a Agege ko Mile 12, mukan ga jini idan muna asuwaki da asuba, mu tofar, mu kama hanyar kasuwa. Har wasu kan ce mataccen jini ne yake fita. Ba haka ba ne. Lafiyayyen dasashi ba ya jini.

Datti da ƙwayoyin cuta ne suke taruwa a gindin haƙori. In ba a goge su ba, sai su daskare kamar dutse, buroshi da asuwaki duk ba sa iya cire su. Dasashi ya kumbura, baki ya soma wari. In aka ƙyale, cutar ta gangara ta ci ƙashin da ke riƙe da haƙori. Sai dasashi ya janye, haƙori ya yi tsawo, ruwan sanyi ya riƙa tsirawa har ka. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi shiga wannan hali. Dirzar haƙori da ƙarfi, ko da gawayi, ita ma tana janye dasashi.

A asibitin haƙori, kamar na LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, aikin farko shi ne wanki. Likita zai kankare dattin da na'ura. In cutar ta yi nisa, sai ya yi allurar kashe zafi, ya share har saiwar haƙori. Na sha jin ana cewa wankin nan yana kawo giɓi, kuma maganar tana damuna, domin ta hana mutane zuwa. Giɓin yana nan tun da, datti ne ya rufe shi.

Dasashin da ya janye ba ya komowa da kansa. Ana dai tsayar da ɓarnar. Wani lokaci likita kan yanko ɗan nama daga ganɗa ya ɗinka a wurin.

A gida, a goge haƙora safe da dare, minti 2, da buroshi mai laushi. A sake buroshi bayan wata 3. Kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi tana rage kumburi, amma ba ta cire dutsen.

Aikin gida: ɗauki madubi, ka duba dasashinka na ƙasa, ka rubuta abin da ka gani cikin jimla 2.