Darasi na 7: Tsirrai da Dabbobin Birnin Bakin Kogi

Babban birni da ke bakin kogi yakan tara halittu fiye da yadda mazaunansa suke zato. Dalili kuwa shi ne wuri uku ne suka haɗu: ruwa, da gaɓa, da tudu. Kowanne da nasa mazauna. A cikin ruwa akwai tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, ga bado da kainuwa a sama. A tudu akwai tsamiya da ɓaure da gamji, da jemagu da shirwa da hankaka. Amma gaɓa ta fi su duka muhimmanci, don a nan ƙananan kifi suke ɓuya cikin ciyawa, kwaɗi su yi ƙwai, zalɓe da balbela su yi kiwo, guza ta sha hantsi. In gaɓa ta mutu, sauran ma sun kama hanya.

Yadda ake gane lafiyar kogi

Ba sai da na'ura ba. Ka zaɓi tsawon mita 200 a bakin kogi, ka bi shi da sassafe na minti 30, sau ɗaya a wata. Ka riƙe littafi da biro. Kowane iri ka gani, ka rubuta sunansa sau ɗaya, ka ja ƙaramin layi a gabansa duk lokacin da ka sake ganinsa. Yawan iri ake nema, ba yawan kai ba. Hankaka 100 ba su kai tsuntsu iri 10 daraja ba a wannan lissafi.

Ka duba abin da masunta suke fitarwa. In karfasa ta yi ƙaranci, tarwaɗa ce kaɗai ke cika taru, ruwan ya fara lalacewa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ƙazamin ruwa da sauran kifi ba sa iyawa. In kuma ka ga kifi sun taso suna haki da asuba, iskar da ke cikin ruwan ce ta ragu. Wannan ya fi faruwa bayan ruwan farko na damina, lokacin da kwatoci suka kwaso dattin rani duka suka juye a kogi. Dattin yana ruɓewa, ruɓewar ce take cinye iskar.

Baƙuwar ciyawa

Akwai wata ciyawa mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren kara, tana yawo a kan ruwa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. A ruwa mai datti takan ninka kanta cikin kamar mako 2, ta rufe kogi ruf, ta hana rana shiga, ta tare jiragen kwale-kwale. Kada a sare ta a bar ta a ruwa, don guntayen za su sake tohowa. A janyo ta da manjagara, a kai ta tudu nesa da inda ambaliya ke kaiwa, a shanya ta bushe, sannan a yi taki da ita. Mai wannan aiki ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, domin ƙananan katantanwa da ke maƙale a saiwarta su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya.

Gyaran gaɓa

Ciyawar jema tana riƙe ƙasa sosai, don saiwarta tana nutsawa har mita 2 zuwa 3. A farkon damina ake dasa ta. A tsaga gindi, a ɗauki tsiro 2 ko 3 a haɗe, a datse ganyen ya rage santimita 20. A dasa a jere, a bar santimita 10 zuwa 15 tsakani, layin ya bi tsawon gaɓa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin tazara mai faɗi: ruwa sai ya bi ta kafar ya haƙa kwari, aikin ya tashi a banza.

Bayan layin jema, ta wajen tudu, a dasa itatuwa. Rami ya kai santimita 50 faɗi da zurfi, tsakanin itace da itace mita 6 zuwa 8. A gauraya iri, a fifita na asalin yankin. Ɓaure ɗaya yana ciyar da tsuntsaye da jemagu masu yawa, su kuma su watsa irinsa a wurare masu nisa. Layin itacen turare zalla kuwa ba ya tara komai sai inuwa kaɗan, ga shan ruwa. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko waya har shekara 2, in ba haka ba awaki sun samu abinci.

Abu biyu suna rusa wannan aiki cikin sauri: ɗibar yashi daf da gaɓa, da kamun kifi da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yin ƙwai ba.

Aikin gida: Rubuta sunayen tsirrai 5 da dabbobi 5 da ka gani a bakin ruwa, ka nuna wanne ke cikin ruwa, wanne a gaɓa, wanne a tudu.