Sayen Mota a Legas Ga Gida Mai Agola

'Yan uwa, gidan da ya haɗa 'ya'yan maigida da agola, a ƙirga kawuna kafin a nufi Berger, kasuwar motoci ta Legas. Mutum bakwai sai Toyota Sienna, Corolla ba za ta kwashe su ba, kuma yaron da aka bari a gida ba ya mantawa.

A tafi da bakanike. Ya ɗaga kafet ya shinshina: warin danshi ko tsatsa a ƙarƙashin kujera alama ce cewa ambaliya ta taɓa cin motar, wayoyinta za su yi ta ba da wahala. A tabbatar lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 ta dace da ta takardar kwastan.

Idan uwargida ta zuba kuɗinta, don Allah a rubuta gaban shaidu, saboda ranar rabon gado.