Yadda za ka sauka tsibiri daga jirgin shaƙatawa ka koma da fasfonka da wayarka

A 'yan shekarun nan mutanenmu na Garwa da Marwa da Ngaundare da Injamena sun fara ɗanɗana yawon jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ake kwana bakwai a ciki yana zagaya tashoshi. Wasu 'ya'yansu mazauna Faransa ne ke yanko musu tikiti, su hau daga Marsel, jirgi ya bi da su Mayorka da Sisili da Malta. 'Yan kasuwar da suka saba da Dubai sukan ƙara mako guda a kan tafiyar sari su leƙa Bahrain da tsibirin Sir Bani Yas. Akwai kuma masu tashi daga birnin Daban na Afirka ta Kudu zuwa Morishas. A cikin jirgi ba a cika jin ɓarna ba, ko'ina kyamara ce da masu gadi. Abin da ke samun mutane yana samunsu ne cikin 'yan sa'o'in da aka sauke su a tsibiri, daga hantsi zuwa la'asar.

Ɓarayin waɗannan wurare sun san ranar zuwan kowane jirgi. Sun san dubban baƙi za su fito ta ƙofa guda su nufi titi guda, sun kuma san wanda aka yi wa sata ba zai tsaya bin shari'a ba, tunda jirginsa da yamma zai tashi. Galibin ɓarnar sane ce da fizge da damfara. Sai dai hasarar mai fasfon Kamaru ko Cadi ba ɗaya take da ta Bafaranshe ba. Shi idan fasfonsa ya ɓata a Falma, babban birnin tsibirin Mayorka na Sifaniya, katinsa na ɗan ƙasa ya ishe shi hawa jirgin sama ya koma gida. Kai kuwa bizarka a cikin fasfon take manne, ofishin jakadancin Kamaru yana Madrid ko Rum, ba a tsibirin ba, ɗan Cadi ma yana iya zama sai ya nemi Faris. Ga shi Malta da tsibiran Kanari na Sifaniya wurare ne da bakin haure ke sauka da kwale-kwale. A 2024 kaɗai fiye da mutum 46,000 suka isa Kanari ta teku. Baƙar fata da ba takarda a hannu a irin wannan wuri yana da dogon bayani a gaban ɗan sanda.

Mataki na farko: tun kana gida

Ɗauki hoton shafin fasfo da shafin biza, ka buga kwafi biyu a takarda, ka kuma tura hotunan ga wani na gida da ka tabbata yana ɗaga waya ko da tsakar dare. Danna *#06# a wayarka, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka rubuta ta a takarda. A takardar ka haɗa da lambar bankinka ta toshe kati, wadda ake iya kira daga ƙasar waje.

Sa wa layinka lambar sirri ta SIM, ban da ta buɗe fuskar waya. Mutane da yawa na raina wannan, alhali layin nan shi ke riƙe da Orange Money ko MoMo ko Airtel Money, kuma ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa. Ka rage kuɗin da ke cikin asusun waya kafin ka tashi.

Sefa ba ta da amfani a can, da wuya ka samu mai canja maka ita. Sayi Yuro ko Dala a gida, ka nemi ƙananan takardu, 'yan biyar da goma da ashirin. Riƙe lissafin nan a ka: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato Yuro 15 ya kusa jaka goma. Wanda ya san haka ba a rikita shi da farashi.

Duba bizar kowace tasha daban. Martinik da Gwadalup da Reyuniyon ƙasar Faransa ne, amma ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza guda, bizar da ta shigar da kai Faris ba lalle ta saukar da kai can ba. Magani kuma, musamman tiramol da danginsa, kada ya bi ka ba tare da takardar likita ba. A Daular Larabawa wannan ƙwaya tana kai mutum gidan yari.

Mataki na biyu: daren da za a wayi gari a tasha

Kowane dare ana ajiye takardar shirin gobe a ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin. Abu biyu za ka nema: lokacin da ake son kowa ya dawo, wanda galibi rabin sa'a ne kafin tashi, da sunan wakilin jirgin a wannan tasha da lambar wayarsa. Ɗauki hotonsu, ka kuma kwafe su da biro, domin in an fizge wayar hoton ya tafi da ita.

Ka tambaya ko agogon jirgi ya yi daidai da na gari. Tsibiran Girka suna gaban Italiya da sa'a guda, Kanari tana bayan Madrid da sa'a guda, waya kuma takan canja lokaci da kanta ba ta gaya maka ba. Ɗaura agogon hannu mai araha ka saita shi da na jirgi. Jirgin nan ba motar kasuwar ƙauye ba ce da yaron mota zai ce a dakata wa Alhaji yana alwala. Idan fitar da ka yi ta hannun kamfanin jirgi ce kuka makara, za a jira ku. Idan da kanka ka fita, babu mai jiranka. A wurare irin su tsibirin Santorini na Girka jirgi a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage ke jigila, to lokacin na ƙarshe cikinsu shi ne naka.

Mataki na uku: abin da za ka sa da abin da za ka bari

A nan mutanenmu suka fi faɗawa, saboda mu mutane ne masu son fita fes. Shadda ta sha guga, hula ta zauna, agogo na walƙiya. A bikin Garwa wannan mutunci ne, a titin Falma talla ce, kuma tsibiran Sifaniya sun yi suna da masu fizge agogo mai tsada daga hannun baƙi. Ga aljihun kaftani: a gefe yake, bakinsa a buɗe, riga ba ta manne da jiki. Waya na ciki tana rinjayar gefe guda, kowa na ganin siffarta daga nesa, in an zare ta ba za ka ji komai ba sai sauƙin da rigar ta yi. Babbar riga ta fi muni, aljihun ƙirjinta ɗan yaro ma zai iya zura hannu. Sa wando mai aljihun gaba mai zik, ko ka kai wa tela ya ɗinka maka aljihun ciki kafin tafiya.

Hajiya, gwal ɗin Dubai ya zauna a akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin ɗakinki. Sarƙa da awarwaro da manyan 'yan kunne ki adana su don cin abincin dare a jirgi, can ne wurinsu. Mai fizge sarƙa bai damu da wuyanki ba. Jakar hannu ki rataya ta a ƙetare, ta sauko gabanki, mayafi ya rufe ta, kada ta kasance ɓangaren titi inda mai babur zai wuce.

Batun fasfo ana saɓani a kai. Wasu jirage suna karɓar fasfon fasinja su riƙe, shi ke nan sai ka fita da kwafi da katin jirgi. Inda aka bar maka shi, tambayi teburin karɓar baƙi abin da dokar ƙasar ta ce, domin a Italiya da Sifaniya ɗan sanda na da ikon neman takardar baƙo ta asali. Ra'ayina, idan dole ne ka fita da shi, ya zauna a lalita ƙarƙashin riga, a jikin fata, kada ka fito da shi don kowa sai mai kaki da ya nuna shaida. In ba dole ba, bar shi a akwatin ɗaki. Yawancin kamfanoni idan fasinja ya makara sukan buɗe akwatin su miƙa fasfonsa ga wakilin tasha.

Kuɗin yini kaɗai za ka ɗauka, da kati guda. Raba su gida biyu: na kashewa a aljihu, na ko-ta-kwana a lalita. Masu zuwa Karibiyan su sani cewa a Jamaika da Barbados da wasu maƙwabtansu haramun ne farar hula ya sa tufa mai zanen kakin soja, ko da wandon yaro ne.

Mataki na huɗu: ƙofar tasha da mota

Da ka fito za a yi maka caa: mai tasi, mai jagora, mai sayar da yawon kwale-kwale. Kada ka tsaya a tsakiyarsu kana duba taswira. Wuce su tukuna. Tasi ka ɗauka a layin da hukuma ta ware. A Malta akwai rumfar da ake biyan kuɗin farar tasi tun kafin a shiga, a Jamaika motar haya mai lasisi jar lamba gare ta. Inda babu mita a yi ciniki kafin ka zauna, a fayyace kuɗin na mota ne ko na kowane kai, zuwa ne kaɗai ko har da dawowa, da wane kuɗi za a biya. Kuɗin dawowa sai an dawo. Ɗauki hoton lambar motar a gaban direban.

Ka manta da sabon hawa kilando. Babur ɗin haya a baƙon wuri inshorarka ba lalle ta san da shi ba, kuma a Malta da Morishas da Zanzibar da Jamaika hannun hagu ake tuƙi, akasin namu. Ko tsallaka titi sai ka fara duba dama.

Mataki na biyar: cikin gari

Kasuwar Ballaro a Falarmo ta Sisili, Darajani a Zanzibar, babbar kasuwar Fot Luwis ta Morishas, duk wuraren gani ne, kuma duk wuraren matsi ne. Dabarun kaɗan ne, ana ta maimaita su. A Falma, kusa da babban cocin, mata kan miƙo maka fure su ce ka ba da ɗan tsaba, kana buɗe walat yatsunsu na ciki. Wani zai watsa maka abu a riga, abokinsa ya zo da hankici yana taya ka gogewa. Wata za ta kawo takarda a kan allo ka sa hannu don taimakon kurame, allon ya rufe jakarka. Masu wasan kofi uku da ƙwallo, waɗanda ka ga suna ci duk yaransu ne. Maganinsu ɗaya: duk wanda ya taɓa jikinka ba dalili, dafe aljihu, ja da baya, ci gaba da tafiya. Kunyar ƙin amsa wa mutum ita suke ci.

Wanda ya fi wuyar kaucewa shi ne mai zuwa da sallama. Ya ga hularka ya ce assalamu alaikum, ya juya Faransanci, ya ce ya taɓa zama Duwala, zai kai ka inda ake sayar da abincin halal da araha. Akasarin 'yan Afirka da ke talla a waɗannan tsibirai neman halalinsu suke, amsa sallama kuma wajibi ce. Amsa, ku gaisa, a rabu a nan. Kada ka bi shi lungu, kada ka faɗa masa sunan jirginka da lokacin tashinsa. Abu mafi muhimmanci, kada ka karɓi saƙo. Mun saba a tashar Ngaundare a ba ka ƙulli ka kai wa wani a Yawunde, ba ka ko tambayi abin da ke ciki ba. A nan kowace jaka sai ta bi ta na'ura kafin ta shiga jirgi, abin da aka samu a taka naka ne. Jabun jaka da tabarau da ake shimfiɗawa a ƙasa ma ka bar su, a Italiya mai saye shi ma ana cin sa tara.

Wajen cin abinci kada waya ta kwanta a kan tebur, kada jaka ta rataya a bayan kujera. Idan za ka cire kuɗi, shiga na'urar da ke cikin banki, rufe hannunka yayin danna lamba. Lokacin salla, a masallacin Juma'a na Fot Luwis ko a bakin ruwa, ku yi bi da bi wajen alwala, ɗaya na riƙe da kaya. Haka wajen wanka a teku. Ka juyo tasha da saura sa'a biyu a hannunka.

Mataki na shida: idan abin ya faru

Wanda ya nuna maka wuƙa, ba shi abin da ke aljihu, kada ka bi shi da gudu. Shiga shago mafi kusa ka nemi a kira 'yan sanda: 112 a duk ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Daular Larabawa da Morishas, 119 a Jamaika. Kira na biyu na wakilin jirgi ne, da lambar da ka kwafe a takarda, domin shi ya san ofishin 'yan sandan da ya fi kusa, shi kuma zai sanar da jirgi halin da kake ciki. Sai banki a toshe kati, sai na gida ya je ofishin kamfanin waya a rufe layi.

Idan kuɗi ne ko waya kaɗai suka tafi kuma lokaci ya ƙure, koma jirgi ka ba jami'an tsaronsa rahoto a rubuce, ka karɓi kwafi saboda inshora. Idan fasfo ne, kada ka bar ofishin 'yan sanda sai da takardar rahoto mai hatimi, da lambar fasfon a jikinta. Da ita da kwafin da ka bugo daga gida ofishin jakadanci zai yi maka takardar komawa, ita ce kuma za ka nuna wa duk jami'in da ya tare ka kafin ka kai can.