Rinin shekaru ko rinin hannu: yadda nake duba launin tsohon sule

A cikin gwangwanin da kakata ta bari na tarar da sulalla bakwai na 1913, masu hoton Sarki Joji na Biyar na Ingila, a bayansu bishiyar kwakwar manja. Azurfa ce, an naɗe su cikin takarda shekara da shekaru. Na farko da na ƙarshe, waɗanda suka manne da takardar, sun yi ruwan zuma, gefensu ya ɗauki shuɗi. Na tsakiya kuwa fes suke. Da su nake auna duk wani tsohon kuɗi mai launi, tun ranar da na sayi dalar Morgan, wata tsohuwar dalar azurfa ta Amurka, ta intanet, ta iso da launi kamar bakan gizo, daga baya na gane gasa ta aka yi.

Farar wutar da ke cikin iska da takarda da yadi ita ke hawa kan azurfa, ta yi mata wata fata siririya. Kaurin fatar shi ke sauya launi, kuma bi da bi yake tafiya: rawaya mara ƙarfi, ruwan zuma, ja-ja, shunayya, shuɗi, sannan ya sake zagayowa da kore, daga ƙarshe baƙi. In ka ga rawaya ta yi tsalle ta faɗa shuɗi mai kauri ba komai a tsakani, dakata.

Tambayar da na fi dogara da ita ita ce: a ina wannan kuɗi ya kwana? Rinin shekaru yana da dalili. Dalolin Morgan, waɗanda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904 da kuma 1921, sun daɗe a rumbun gwamnati cikin buhunan yadi, guda 1,000 a kowane buhu. Wadda ta jingina da buhu takan yi launi a fuska ɗaya, wani lokaci har da sawun saƙar yadin. Wadda wata ta rufe rabinta, sai ka ga launin ya yi siffar jinjirin wata. Kuɗin da ya zauna cikin kwalin ajiya kuwa daga gefe rinin yake farawa ya nufi tsakiya. Amma fuska biyu da launi iri ɗaya sak, kamar an tsoma a rijiyar marina? Hannu ne. Da dafaffen ƙwai ake yi, ko ruwan farar wuta, ko zafin murhu.

Sai ka kunna fitila ɗaya, ka riƙe kuɗin ta gefe, ka riƙa karkata shi a hankali. Ƙyallin asali ya kamata ya riƙa zagayawa daga ƙarƙashin launin. Idan launin ya kwanta a sama kamar fenti, ƙasa kuma ta mutu, to an wanke shi kafin a rina.

Ɗauko gilashi mai ƙara girma sau 10 ka duba gindin haruffa da lambobin shekara. A na gaskiya sau da yawa akwai ɗan fari-fari a gefen harafi, kamar inuwa, inda rinin bai kama sosai ba. Na hannu yakan malale tudu da kwari ba bambanci. Duba kuma ƙananan karce: sabon karce da launi ya cika cikinsa yana nuna rinin ya zo bayan gogewa, kuma galibi don ɓoye ta aka yi.

In kuɗin mai tsada ne, kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC ba sa ba shi lambar daraja idan suka yi shakkar launinsa, farashi kuma ya faɗi. Su ma sukan saɓa wa juna a wasu.

Don Allah, kada ka sa toka ko lemun tsami wai za ka haska shi. Biyu daga sulallan kakata haka wani ɗan'uwa ya yi musu da kyakkyawar niyya, shekara tara ke nan, har yau fari fat suke, ba ƙyalli.