Kafin Ka Nemi Ɗaki a Budapest, Koyi Bambanta IV da VI

Ƙannena da kuka sauka Budapest da takardar gurbin karatu a hannu, sannunku da hanya. Akwai wani ɗan karatu da jami'a ba ta saka a cikin takardun da ta turo muku ba, kuma shi ne zai fara ba ku wahala tun kafin sanyi ya ba ku: lambobin Romawa. A gida mun san su a jikin sunan sarakuna, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar III, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, sai kuma a takardar jarrabawa. Ado ne kawai a wurinmu. A Hungari kuwa da su ake rubuta adireshi, kuma wanda bai iya karanta su ba zai sha tafiya.

Birnin ya kasu gunduma 23, su suna ce mata kerület, a taƙaice ker., kuma kowace da lambarta ta Romawa daga I zuwa XXIII. A allon sunan titi za ka gan ta, a tallan gidan haya, a wasiƙar ofishin shige da fice. Abin da ya sa lambar ta zama dole shi ne sunan titi ɗaya yana maimaituwa a gundumomi da dama. Kossuth Lajos utca kaɗai ya isa misali, kusan duk inda ka juya akwai titin da aka sa wa sunansa.

Ni na koya da ƙafata. Makona na biyu wani mai gida ya turo mini adireshin ɗaki, na buga sunan titin a taswirar waya, ta kawo mini zaɓi fiye da ɗaya, na danna na VI saboda idona ya ga V da I. Na tsaya a bakin wata ƙofa kusa da tashar Nyugati ina kiran mutumin, yana cewa ga shi a waje bai gan ni ba, ni ma ina cewa ga ni a waje. Ashe IV ya rubuta, wato Újpest, can arewa, tasha bakwai a layin M3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kafin in isa wani ya riga ni.

To ga yadda abin yake. Haruffa bakwai ne: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Babu sifili. Idan ƙaramin harafi ya biyo bayan babba, ƙari ne: VI biyar da ɗaya, shida kenan. Idan ya zo gabansa, ragi ne: IV biyar ɗaya babu, huɗu. Wannan bai kamata ya zama baƙo a kunnen Bahaushe ba. Kakanninmu a kasuwa ba sa cewa sha tara, ashirin ɗaya babu suke cewa, ko ɗari gaira biyu a maimakon casa'in da takwas. Har yau muna cewa ƙarfe tara saura kwata. IX goma ɗaya babu ne, ba wani abu ba.

Sai dai su ba su sake wa ragin linzami kamar yadda muka sake masa ba. Mu muna iya cewa ashirin biyu babu, amma ba a rubuta 18 da IIXX, sai XVIII. Wurare shida kaɗai ake ragi: IV 4, IX 9, XL 40, XC 90, CD 400, CM 900. Ka haddace waɗannan shida, ka tuna ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku, ka gama da dokokin.

Idan kana son mayar da lambarmu zuwa tasu, kada ka tunkare ta gaba ɗaya. Ka rarraba ta gida-gida, dubbai daban, ɗaruruwa daban, gomomi daban, sannan 'yan ɗai-ɗai, ka rubuta kowanne ka haɗa. Ɗauki 1849, shekarar da aka buɗe gadar Lánchíd da ke kan kogin Danube. Dubu M, ɗari takwas DCCC, arba'in XL, tara IX: MDCCCXLIX. Shekarar 1873 da aka haɗe Buda da Óbuda da Pest suka zama birni ɗaya, MDCCCLXXIII. Inda mutane suka fi zamewa shi ne irin su 1999. Zuciya za ta ce maka ai dubu biyu ɗaya babu ne, rubuta MIM ka huta. Ba a yi. Ɗari tara CM, casa'in XC, tara IX, ga M a gaba: MCMXCIX. Gaskiya irin waɗannan dogayen sai a goshin tsofaffin gine-gine za ka gamu da su. Don rayuwar yau da kullum, I da V da X sun ishe ka, tunda gundumomi a 23 suka tsaya, watanni kuma a 12.

Biyu da za ka sa wa ido bayan IV da VI su ne IX da XI, don ɗalibai da yawa a tsakaninsu suke kai da kawo. IX ita ce Ferencváros a ɓangaren Pest, inda jami'ar Corvinus da babbar kasuwa mai rufi suke a Fővám tér. XI kuwa Újbuda ce, a tsallaken kogi, inda jami'ar fasaha ta BME take, da kuma masallacin da ke Fehérvári út. Sa'ar da aka yi ita ce suna kallon juna, tasha ɗaya ce a M4 daga Fővám tér zuwa Szent Gellért tér. Wanda ya yi kuskure a nan latti kawai zai yi. VIII ita ce Józsefváros, inda jami'ar likitanci ta Semmelweis da tashar Keleti suke. V kuma tsakiyar gari ce, wurin ginin majalisa.

Ga dabarar da ban sani ba sai da na yi wata uku. Lambar gidan waya ta Budapest lamba huɗu ce, kuma biyun tsakiya su ne gundumar. 1085 na nufin VIII, 1117 na nufin XI, 1042 na nufin IV. Duk sanda ka yi shakka, dubi wannan lambar, ta riga ta fassara maka.

Cikin gini ma ba ka tsira ba. Idan adireshi ya ƙare da 14. III/12, to gida mai lamba 14 ne, hawa na uku, ƙofa ta 12. Wani lokaci a rubuta III. em., daga kalmar emelet, wato hawan bene. Ƙasa kuma fsz. ake rubutawa, kuma ba a ƙirga ta, don haka I hawan farko ne a saman ta ƙasa. A tsofaffin gidajen Pest akwai wani rabin hawa da ake kira félemelet, wanda ba ya shiga lissafi amma yana shiga gwiwa. Idan an ce maka III babu lif, tambayi ko akwai wannan kafin ka ɗauko akwatuna biyu da buhun garin tuwo.

Ɗigon nan da ke bayan lambar ba kuskuren bugu ba ne. A rubutunsu ɗigo shi ke mayar da takwas ta zama ta takwas, shi ya sa za ka ga VIII. kerület. Kuma lambar sarki ko fafaroma gaban suna take zuwa, ba baya ba. Tashar M4 da aka rubuta II. János Pál pápa tér sunan Fafaroma John Paul na biyu ne. Ba gunduma ta biyu ba ce, a VIII ma take.

Kwanan wata kuma da shekara suke farawa, sai wata, sai rana. A takardun kwamfuta za ka ga 2025. 09. 11., amma dattijo mai gida da ya rubuta maka rasidin haya da hannu yana iya sa 2025. IX. 11. Sha ɗaya ga Satumba kenan, ba tara ga Nuwamba ba. Idan ranar biyan kuɗi ce ko ranar barin ɗaki, kafin ka sa hannu ka rubuta watan da lambar da ka saba a gefen takardar, ka nuna masa ya gyaɗa kai.