Yadda Ake Haɗa Jirgin Farko Don Fatsar Ja a Ruwan Yauri

Masuntan Yauri da Ngaski da Shanga sun gaji taru da birgi da mamari tun kaka da kakanni, amma akwai wani salon kamun kifi da ba a cika ganinsa a wajensu ba, wato a saki ƙugiya da koto a bayan jirgi, jirgin yana tafiya sannu a hankali yana jan su, har babban kifi ya zaci ƙaramin kifi ne yake gudu ya kai masa cafka. Wannan shi ne abin da za mu kira fatsar ja. Kifi biyu ake nema da ita a Kogin Neja da Tafkin Kainji, giwan ruwa da tsage, domin su ne mafarauta. Wanda karfasa ko bargi yake so, gara ya riƙe tarunsa.

Da jirgi ake farawa, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure, domin idonsa yana kan inji. Siririn kwale-kwale na sassaƙa bai dace da wannan aiki ba, saboda giwan ruwa idan ya ji ƙugiya gefe yake fizga, mutum kuma dole ya karkata ya tare shi. A nemi jirgin katako mai tsawon mita 6 zuwa 7, wanda faɗinsa ya haura mita ɗaya, kuma allon bayansa mai kauri ne da zai riƙe inji. Kafin a biya kuɗi, a kwarfe shi tas da yamma a bar shi ya kwana a kan ruwa, da safe a zo a ga abin da ya sha. Sannan mutum biyu su zauna a gefe ɗaya su leƙa ruwa kamar masu ɗauko kifi. Idan bakin jirgin ya kusa sumbatar ruwa, a nemi wani. Ƙananan kafofi kuwa ba abin damuwa ba ne, auduga da kwalta sun ishe su.

Bayan jirgi sai kayan tsira, tun kafin a sayi ƙugiya ko ɗaya. Duk wanda ya san abin da ya faru kusa da Warrah a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin fasinja ya nutse da ɗimbin jama'a, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan rigar ceto. Kowane mutum da tasa, kuma a jiki, ba a ƙarƙashin benci ba. A haɗa da filafili biyu, da gorar tuƙi, da galan da aka yanke don kwarfar ruwa, da anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, mai igiyar da ta ninka zurfin wurin aƙalla sau uku, da tocila, da wuƙa mai kaifi a inda hannu zai kai gare ta nan take. Wayar hannu a ƙulle ta cikin leda. Maganar rajistar jirgi mai inji kuma, a tuntuɓi jami'an hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida.

Sai inji. A ganina mai ƙarfin doki 15 ya wadatar, masu doki 40 a bar wa jiragen kasuwa da ke ɗaukar buhuna da babura. Abin da fatsar ja take bukata shi ne injin da zai yi awa biyu yana tafiyar hawainiya bai mutu ba, saboda haka idan na hannu za a saya, kada a yarda mai shi ya burge mutum da gudu, a ce ya sauke totur har ƙasa a saurari ƙararsa. Yawancin injinan da ke bakin ruwanmu, irin su Yamaha Enduro, ana gauraya musu fetur da man inji, galibi rabin lita a cikin lita 25, amma a bi abin da littafin injin ya faɗa. Irin wannan inji idan ya daɗe yana tafiya a hankali fulogi yakan yi baƙi, don haka a riƙe na ajiya guda biyu da sufana, kuma a kan hanyar dawowa a buɗe masa wuta ya ƙone dattin. Farfela ta biyu ma ba almubazzaranci ba ce: tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsoffin garuruwa, kututturan itatuwan suna nan a ƙasa har gobe. A ɗaure injin da igiya a jikin jirgi ban da maƙallansa.

Mazaunin sandar fatsa ba sai an saya ba. A yanko fayif ɗin roba na famfo mai tsawon santimita 30, a ɗaure ɗaya a dama ɗaya a hagu kusa da bayan jirgi, kowanne bakinsa ya karkata waje ya kuma ɗan kalli baya, yadda zaruruwan za su yi nesa da juna da kuma farfela. Biyu sun isa. Mai koyo da ya saki huɗu zai wuni yana warwara. Wanda bai da halin sayen sanda da na'urar naɗi yana iya farawa da zare naɗe a kan katako, sai dai ya yanko robar cikin tayar babur ya ɗaura ta tsakanin zaren da jikin jirgi, domin ita za ta shanye fizgar farko, miƙewarta kuma ita za ta sanar da shi kifi ya kama. Abin da ba a yi ko kusa shi ne naɗe zare a hannu ko a yatsa. Kifin da ya zo na ɗaya a bikin Argungu na 2020 ya kai kilo 78, kuma ko mai rubu'in wannan nauyi ya isa ya tsaga nama har ƙashi.

Zaren ya zama nailan mai ɗaukar kilo 25 zuwa 30, tsawonsa kada ya gaza mita 100. A ƙarshensa a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa wanda ke hana zare murɗewa, sannan a ƙara abin da zai jure bakin kifi. Haƙoran tsage suna datse nailan kamar almakashi, saboda haka shi sai waya mai kamar santimita 40. Giwan ruwa ba shi da irin waɗannan haƙora, amma murfin kunnensa yana da kaifi, don haka a yi masa mita ɗaya na nailan mai ninkin kaurin na farko.

Koto iri biyu ne. Akwai kifin roba mai leɓe a gaba, wanda leɓen ne ke nutsar da shi yana karkaɗa jela, shi ya fi dacewa da giwan ruwa da ke laɓe a zurfi kusa da duwatsu. Akwai kuma cokali, wanda mutum zai iya yi da kansa: a samo cokalin ƙarfe mai ƙyalli, a yanke mariƙinsa, a huda shi sama da ƙasa, a sa zobe da ƙugiya a rami ɗaya, waya a ɗayan. A cikin ruwa yakan riƙa walƙiya yana tangaɗi kamar ɗan kifin da ya ji rauni, tsage kuwa ba ya iya kau da kai. Idan ana so ya nutse, a ɗaura dalma mita biyu kafin shi. A tanadi ƙugiya mai ƙota don ɗago kifi, da kulki, da filaya don zare ƙugiya daga bakin tsage, da kula mai ƙanƙara.

Kafin fitar farko a je a gaida sarkin ruwa, a gaya masa abin da ake niyya, a tambaye shi inda mutane suka kafa taru da mamari da inda dorina take kwana, domin ƙugiyar da ake ja ba ta san kayan kowa ba, kuma taru ɗaya da aka yaga yana iya jawo shari'ar da ta fi kuɗin kifin. Lokacin ma a duba shi. Farin ruwan damina yakan zo da laka, kifi ba ya ganin koto sosai. Baƙin ruwan da ke isowa daga can Gini wajen Disamba zuwa Fabrairu ya fi garau, shi ya fi kyau da wannan sana'a. A farkon damina kuwa hadari yana haɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci, da an ga gabas ta yi duhu a nufi gaɓa.

A fita da sanyin safiya mutum biyu, ɗaya a kan inji ɗaya a kan zare. A daidaita jirgi da saurin mai tafiya a ƙasa, a fara jan koton a gefen jirgi a ga yana rawa yadda ya kamata, sannan a saki na dama mita 30, na hagu mita 45, don kada su haɗu a kwana. Kwanar ma a yi ta da faɗi. Lokaci-lokaci a jawo a cire kainuwa da ciyawa. Idan zare ya tsaya cik ba ya motsi, kututture ne ba kifi ba, sai a cire giya, a naɗe ɗaya zaren, a koma baya da filafili har a wuce wurin, a ja ta ɗaya ɓangaren.